"He use to take it": jimla ɗaya ta sa na daina buɗe baki a wurin aiki

Anti, assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Katsina, wata bakwai ke nan da fara aikina a wani asibiti a arewacin Ingila. Sati uku da suka wuce na kwana a bakin aiki, da safe ina miƙa aiki ga masu karɓa, na zo kan wani dattijo mai hawan jini sai na ce, "He use to take his tablet every morning." Nufina yakan sha ƙwayarsa kullum da safe, ba ya fashi. Sistar da ke karɓar aiki ta ɗago kai ta ce, to yaushe ya daina? Na ce bai daina ba. Ta ce ai yanzun nan na ce ya daina. Muka yi ta ja-in-ja a gaban mutum shida har sai da aka buɗe takardar magungunansa. Wata abokiyar aiki ta kwashe da dariya, ta maimaita maganata tana kwaikwayon muryata. Daga baya sistar ta ja ni gefe ta ce in riƙa lura da "used to", amma ba ta yi mini bayani ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya.

Tun ranar gabana ke faɗuwa idan lokacin miƙa aiki ya yi. Sai in rubuta abin da zan faɗa, in karanta a gurguje, in an yi mini tambaya in ce "yes" ko "no" in ja bakina. Maigidana ya ce abin bai kai ya kawo ba, ai haka kowa ke faɗa a gida. Ni kuwa har na fara tunanin ko aikin nan ya fi ƙarfina. Tun firamare haka nake faɗa, malamanmu ma haka suke faɗa. Don Allah ina kuskuren yake?

Ƙanwarki daga Ingila

*

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da aiki, sannu da sanyin garin mutane.

Maigidanki ya faɗi rabin gaskiya: haka ake faɗa a gida. Na yi shekaru ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata, kuma ba na jin akwai satin da ya wuce ban ci karo da "I use to fetch water every morning" ko "I use to help my mother in the kitchen" a littattafan ɗalibai ba. Sai in ja layi da jan biro in wuce. Yau ina jin nauyin abin, domin na daɗe ina jan layin nan kafin in tsaya in tambayi kaina me ya sa aji guda, masu ƙoƙari da marasa ƙoƙari, duk suke faɗawa rami ɗaya. Da na gano dalilin sai na daina ganin abin a matsayin sakaci. Hausar da ke cikin kanki ce take neman masauki a Turanci, ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba tata ba.

Muna da wata 'yar kalma a Hausa, "kan". Nakan je, yakan sha, mukan haɗu. Malaman nahawu suna kiran wannan lokaci sabau, wato abin da aka saba yi kuma ana kan yi. Gajeriya ce amma aikinta babba ne, da ita muke bambanta "ina shan shayi" da "nakan sha shayi". Yarbanci ma yana da irin tata, shi ya sa ba Hausawa kaɗai ke wannan tuntuɓen ba, za ki ji shi daga Sakkwato har Legas. Shi kuwa Turancin yau ba shi da wata kalma ta musamman da ke zaune a wannan gurbi. To ɗalibi ya ji ana cewa "I used to go" ga abin da aka saba yi a da, ya kuma san cewa "played" na jiya ne, "play" na yau, sai ya yi lissafi: a cire "d", a samu na yau. Lissafin ba na wawa ba ne. Hasali ma Turawan da kansu, shekara ɗari huɗu da suka wuce, suna cewa "they use to" ga abin da ake yi a halin yanzu, daidai yadda kika yi amfani da shi. Sai dai wannan ɓangaren ya mutu a bakinsu tuntuni, na shuɗaɗɗen lokaci kaɗai ya rage. Kin ga ashe kin makara ne da 'yan ƙarnuka, ba wani abu ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin ranar nan shi ne kunne. Idan Bature ya furta "used to", harafin "d" yana narkewa cikin "t" da ke biye da shi, ya fito kamar "yustu". Idan kika ce "use to", shi ma "yustu" ne. Babu wani bambanci da kunne zai kama. Saboda haka sistar nan ba ta ji kin cire wani harafi ba balle ta yi tunanin wata ma'ana kike nufi. Cikakken "He used to take his tablet" ta ji, kuma a Turancinta ma'anar wannan guda ɗaya ce tak: "Da yakan sha ƙwayarsa." Ki faɗi wannan jimlar da Hausa ki saurara. Da a ce wata nas a gida ta ce miki "da yakan sha maganinsa", me zai fara fitowa daga bakinki? "Yanzu fa?" Tambayar da sistar ta yi miki ke nan. Ba neman ki da faɗa take yi ba, an gaya mata mai hawan jini ya bar magani ne, kuma da ta yi shiru da ita ce mai laifi.

Wannan "da" ɗin na farkon jimla, na "da can", shi ne ma'aunin da nake so ki riƙe. Duk sanda "used to" ya taso miki a harshe, ki juya maganar zuwa Hausa a zuci. In za ki iya fara ta da "da can" ki rufe ta da "amma yanzu an daina" ba tare da kin yi ƙarya ba, to sake shi ya fita. In ba za ki iya ba, ba wurinsa ba ne.

To "yakan" fa, ina za a kai shi? Amsar tana da sauƙin da har takan ba mutane haushi: aikatau tsurarsa, ba ado. "He takes his tablet every morning." Shi ke nan, an gama. Na san a kunnen Bahaushe jimlar tana fitowa kamar miya ba gishiri, kina jin akwai abin da ya ɓace, kuma wannan jin ne yake tura mutum ya cusa "use to". Idan harshenki ya ƙi yarda, ki ba shi abin da zai tauna: "usually", "normally", "always". "He usually takes it after breakfast." "She normally sleeps well." "I always check twice." Kalmar "usually" ita ce mafi kusa da "kan" ɗinmu, kuma tushensu ɗaya da "use" ɗin da kike nema, don haka ba ki yi nisa da gida ba. Za ki kuma ji abokan aikinki suna cewa "He tends to refuse his lunch", shi ma "yakan" ne, mai ɗan sassauci. A kan magani kuwa, hanyar da ta fi gajarta ita ce wadda kike ji kullum a ɗakin marasa lafiya: "He is on amlodipine", wato yana kan amlodipine, maganin hawan jini. In kina so ki toshe duk wata kafa, ki ƙara "still": "He is still taking it."

Yanzu bari mu juya abin ta ɗaya gefen, domin a nan ne na fi damuwa. Ba faɗa kaɗai kike yi a wurin aiki ba, kina saurare ma. Idan a kanki "used to" yana nufin "nakan", to akwai maganganun marasa lafiya da kike iya fahimta a juye. Dattijo ya ce miki "I used to smoke", ba yana gaya miki yana shan taba ba ne, yana gaya miki ya daina, abin da ya rage ki tambaya shi ne yaushe, kuma shekara nawa ya yi yana sha. Tsohuwa ta ce "I used to live on my own", yanzu ba ita kaɗai take zaune ba. 'Yarta ta ce "Mum used to walk without a stick", tana nuna miki ƙafar ta canza. Kusan duk inda wannan kalma ta fito a bakin majiyyaci ko danginsa, labarin canji ake ba ki, tsakanin yadda jiki yake a da da yadda yake yau, kuma kin fi ni sanin cewa rabin aikinku ke nan.

Korewarsa ma haka. A littafi za ki ga "didn't use to", ba "d", domin "did" ya riga ya ɗauke nauyin shuɗaɗɗen lokaci. Haka tambaya: "Did you use to drink?" A wannan ma'anar, wuraren nan ne kaɗai za ki rubuta "use to" kuma ya zama daidai. Amma a bakin mutanen Ingila za ki fi jin "never used to". Idan ɗan wani tsoho ya tsaya a bakin gado ya ce miki "He never used to be this confused", ki kasa kunne da kyau: yana cewa da ba haka babansa yake ba, wannan ruɗewar sabuwa ce. Ke kin san abin da sabuwar ruɗewa take iya nufi a jikin tsoho, kin san ba maganar da za a bari sai gobe ba ce.

Akwai ɗan'uwansa da suke kama kamar an tsaga kara, shi ne ya fi rikita mutane. Idan "am", "is" ko "are" ya shigo kafin "used to", an bar maganar "da can", an koma "saba da". "I am used to the cold", na saba da sanyi. "She is not used to the food", ba ta saba da abincin ba. Dubi waɗannan biyun:

"I used to work nights."

"I am used to working nights."

Ta farko tana cewa da ina aikin dare, yanzu na bari. Ta biyu tana cewa na saba da aikin dare, ba ya damuna. Ki ɗauka mai tsara jadawalin aiki ce ta tambaye ki, kika ba ta ɗaya a maimakon ɗaya. Ko dai ki rasa daren da kike so, ko ki wayi gari an jera miki dare huɗu da ba ki nema ba.

Kin lura a ta biyun "working" aka ce, ba "work" ba. Mutane suna haddace wannan kamar karatun allo, alhali Hausa ta riga ta ba mu dalilin. Ai "na saba da tashin asuba" muke cewa, ba ma cewa "na saba da na tashi". Bayan "saba da" suna ne yake zuwa, ko aikin da aka mayar suna: tashi, tuƙi, girki. To "to" ɗin da ke cikin "am used to" shi ne "da" ɗin "saba da", don haka suna yake nema, ko aikatau mai "ing" a wutsiya, wanda shi ne yadda Turanci ke mayar da aiki suna. Irin wannan "to" ɗin ne a "I look forward to hearing from you" da ake rufe wasiƙa da shi, wanda rabin masu neman aiki a ƙasarmu suke rubutawa "to hear". Idan kuma sabon bai kammala ba, ana kan hanya, sai a sa "get": "I am getting used to the accent", ina sabawa da karin harshensu. "You will get used to it", za ki saba. Akwai jimla ɗaya a wannan gidan da nake so ta zauna a bakinki, domin tana kare ki tana kare majiyyaci: "I'm not used to this pump yet, can you show me?" Ba wanda zai raina nas don ta faɗi haka.

Akwai "used to" na uku, shi ma yakan biyo bayan "is" ko "are", amma ba ya buƙatar dogon bayani. "This is used to check blood sugar", ana amfani da wannan wajen auna sukari. Nan "used" ɗin amfani ne, da sautin "z" ake furta shi, "yuzd", kuma ma'anar takan fito da kanta daga abin da ake magana a kai.

Ƙananan abubuwa biyu sai in bar nahawu. Ba a haɗa "used to" da adadin shekaru: "I lived in Katsina for twenty years" ake cewa, ba "I used to live in Katsina for twenty years" ba. Sannan tsofaffin da kike jinya, in suna tuna baya, za ki ji suna sa "would": "My mother would bake every Sunday." Ba sharaɗi ba ne, ba kuma alkawari ba, "da takan" ne kawai.

Yanzu ga abin da ya fi nahawun muhimmanci a wasiƙarki. Kin ce kin koma karanta takarda a gurguje, kina amsa "yes" da "no". Ƙanwata, wannan ya fi kuskuren farko haɗari nesa ba kusa ba. Kuskuren ranar nan an kama shi cikin minti biyu, don kin yi magana an ji. Abin da kika gani da daddare kika haɗiye saboda tsoron dariya, wa zai kama shi? Dattijon da ya ƙi cin abinci, matar da fitsarinta ya ragu, wanda ya yi ta juyi bai runtsa ba, ke kaɗai kika gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, miƙa aiki kuwa ranar wanka ce kullum.

Batun cancanta kuma, ki ajiye shi. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya, NMC, ba ta ba mutum lamba don tausayi. Wanda ya bi ta jarrabawar Turanci ta IELTS ana neman maki 7 cikin 9 a magana da saurare da karatu, da 6.5 a rubutu, wanda ya bi ta ɗaya jarrabawar Turancin, OET, shi ma da nasa matakin, ban da jarrabawar aikin kanta. Kin tsallake wannan kafin a bar ki ki taɓa majiyyaci. Kuma Turancin da kika tafi da shi daga gida ba abin kunya ba ne. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, har da "Kannywood" da "okada" da "next tomorrow". Sai dai ba zan yaudare ki in ce saboda haka "use to" ma a bar shi ba. In kika ce "next tomorrow", Baturiya za ta tsaya ta tambaye ki me kike nufi, ki ce jibi, a wuce. In kika ce "use to", ba za ta tambaya ba sai an yi sa'a, domin a ganinta ta gane, alhali kishiyar maganarki ta ɗauka. A hira da 'yan gida ba komai, kowa ya san nufinki. A kan gadon asibiti dole a gyara. Wannan shi ne rabin da maigidanki bai faɗa ba.

Mutum biyu ne a labarinki, kada ki zuba su a kwando ɗaya. Sistar ta ja ki gefe, ba ta yi miki a gaban jama'a ba, wannan hannunka mai sanda ne. Da wuya in ta san dalilin kuskuren, mai harshe ba kasafai yake iya bayyana ƙa'idar harshensa ba, kamar yadda in aka tare ki aka ce ki bayyana bambancin "ya zo" da "ya zo" na "shi ne ya zo" za ki tsaya kina sosa kai. Ki same ta a lokacin da ba cunkoso, ki ce kin gano abin da ya faru, a harshenku akwai kalma ta musamman ga abin da aka saba yi, ita kika fassara, kuma in ta sake jin wani abu makamancin haka ta gaya miki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina kyautata zaton za ta ƙara ganin girmanki.

Mai kwaikwayon murya daban take. In sau ɗaya ne, ki bar ta da halinta. In ta maimaita, ki gaya mata ido da ido, ba ɗaga murya, cewa gyara kina maraba da shi amma kwaikwayo ba kya so. In ta ci gaba, ki rubuta rana da lokaci da waɗanda ke wurin, ki kai wa shugabar sashenku, ki kuma sanar da ƙungiyar ƙwadagon da kike ciki in kin shiga wata. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana muzguna wa ma'aikaci saboda launinsa ko ƙasar da ya fito, kuma asibitoci sun san da ita. Ba ina tura ki rigima ba ne, so nake ki san ba alfarma ake yi miki ba.

Na sati biyu masu zuwa, ki ci gaba da rubuta bayanin miƙa aikinki kamar yadda kike yi, rubutun ba laifi ba ne. Amma kafin ki shiga, ki bi shi da biro, duk inda kika ga "use to" ko "used to" ki gwada shi da "da can". Wanda ya faɗi, ki soke shi ki sa "usually" ko ki bar aikatau tsurarsa. Ki karanta a hankali, ki ɗago kai tsakanin majiyyaci da majiyyaci, kuma ki tilasta wa kanki ƙara jimla ɗaya da ba ta cikin takardar a kan kowane mutum, ko da "She slept well" ce. A gida kuma ki sa maigidan aiki, tunda shi ma na tabbata yana faɗa: duk wanda ya ce "use to" alhali "nakan" yake nufi, shi zai wanke kwanonin dare.